Abin da Ban Gani a Fuskar Umma Ba

Laraba, 6:15 na safe

Umma tana gado na huɗu, kusa da taga. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hannun hagu yana aiki, ta riƙe min yatsu biyu da ƙarfinta na da. Nas ta ce ta kwana lafiya. Na ƙirga numfashinta da kaina, sha takwas a minti, daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke rataye a ƙafar gado.

Jiya da aka kwantar da ita likita ya yi min tambayoyi bakwai. Shida na amsa ba gargada: magungunanta, awon jininta na wata uku, abin da ta ci, lokacin da ta tashi. Har ya ce da duk masu jinya haka suke da ya huta. Ta bakwai ita ce, "Yaushe kika ga bakinta ya karkace?" Na ce ban gani ba. Bironsa ya tsaya a kan takarda. Yaya, babban wanmu, yana tsaye a bayana, na ji numfashinsa ya canza.

Ban yi ƙarya ba. Ban gani ba.

Laraba, 1:00 na rana

Na kira maɗaba'a na nemi hutun kwana huɗu. Manaja ya ce in ɗauki sati, amma in faɗa masa inda na ajiye gyaran littafin lissafi na aji uku. Na ce durowa ta biyu, ƙarƙashin koren fayil, na tsaya a shafi na tamanin da ɗaya. Shekara tara ina duba kurakurai a wurin nan, sau biyu kawai kuskure ya tsallake idona ya fita kasuwa, kuma duka biyun har yau na san shafinsu. Na san aikina.

Alhamis, 5:30 na yamma

Masu dubiya sun cika ɗaki har nas ta kori rabi. Maƙwabciyarmu ta zo da filas na shayi, ta ba da labarin sau huɗu, duk wanda ya shigo sai ta faro masa daga farko. "Ni dai dutsen guga na shiga aro. Kallo ɗaya na yi mata, wallahi kallo ɗaya, na saki salati." Auta, ƙanwata, ta ce a daidai nan kowa ni yake kallo. Ban sani ba, ni takalma nake kallo. Danginmu duk na san su ta takalmi. Na Kawu an sake masa ɗinki a gefen hagu.

Da ina ƙarama, sunkuyar da kan nan yabo yake jawo min. "Yarinyar nan akwai kunya," in ji baƙi, Umma kuwa ta yi shiru don ta san ba kunya ba ce. Idan na kalli idon mutum yana magana, kamar an kunna min rediyo biyu a lokaci guda, ban jin ko ɗaya. In na kawar da kai, ba kalmar da ke faɗuwa ƙasa. Mutane suna cewa gani ya kori ji. A wurina ji ne ya kori gani.

Shekara huɗu da suka wuce wata likita ta ba abin suna, ta ce otizim ne. Na kawo wa Umma takardar, ta juya ta gaba da baya ta ce, "To sai me, Mai Agogo? Ni na haife ki, na riga takarda saninki." Mai Agogo take kirana, don ko ba agogo a hannuna na san ƙarfe nawa. Ita ce ta fara zama a gefena maimakon gabana in za mu yi hira. Shekara talatin da huɗu haka muke, kafaɗa da kafaɗa a doguwar kujera, kowa da abin da yake kallo. Ba wanda ya taɓa cewa akwai aibu a zaman nan.

Juma'a, 8:00 na safe

Yaya ya gaida nas, ya gaida mai shara, ya wuce ni.

Asabar, 3:40 na yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da bai yi min daɗi ba.

Umma ta yi ta mutsu-mutsu tana gurnani. Na gyara matashi, ba shi ba ne. Na ba ta ruwa, ta rufe baki. Na duba robar ƙarin ruwa, na duba zanin gado ko ya naɗe a bayanta, na rage fanka. Minti ashirin ina bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Anti, matar Yaya, ta shigo da kwanon abinci. Ko ajiyewa ba ta yi ba ta ce, "Ai ɗankwalinta take so. Ga ta nan tana ta kallon jaka, maza suna wucewa kanta a buɗe." Ta ɗauko ta ɗaura mata, Umma ta yi luf.

Anti ba ta yi min gori ba, ba halinta ba ne. Ni na ce mata na gode, kuma har zuciyata. Yanzu Umma da ido take magana, yaren da ban iya ba. To. Ba yau na fara samun ƙofa a rufe in nemi taga ba.

Litinin, 4:00 na yamma

Na koma aiki rabin yini. Na tsara kati mai gida shida na kai wa Mai Injin, wanda ke buga mana takardu a maɗaba'a: ruwa, zafi, juya ni, banɗaki, ɗankwali, ku yi shiru. Malamar da ke koya wa Umma motsa jiki ta ce wasu har karatu ciwon nan yake ɗauke musu, don haka na sa ƙaramin hoto a kan kowace kalma. Mai Injin ya buga a takarda mai kauri ya lulluɓe da leda. Ya nuna gida na ƙarshe da yatsansa mai tawada ya ce, "Malama, wannan ki bar ni in buga guda goma in kai gida."

Na kai wa Umma na ɗora mata a cinya ta hagu. Ta daɗe ba ta motsa ba. Matar Kawu tana gefe tana ba da labarin wani da irin ciwon nan ya kama, ko wata biyu bai yi ba aka kai shi makwanci. Sai na ga yatsan Umma ya taso, ya bi ta kan ruwa, ya bi ta kan zafi, ya sauka a gida na shida ya danna. Auta ta fita da gudu ta yi dariyarta a baranda.

Yatsa ina iya karantawa. Mun fara.

Talata, 7:10 na safe

Sati guda. Na cire batirin agogon falo.

Laraba, 6:00 na yamma

Yaya ya yi min magana yau, a barandar asibiti, kusa da injin ruwan sanyi da ba ya aiki.

"Likita ya ce nan da kwana takwas za a sallame ta. Gidana za ta."

Na ce ɗakinta yana nan, na riga na auna ƙofar, keken guragu zai shiga.

"Ba ƙofa nake miki magana ba. Kalle ni."

"Yaya, in na kalle ka ba zan ji ka ba. Ka zaɓi ɗaya."

"Haka kika ce da ita ranar? Ta zaɓi ɗaya?"

Na kalli maɓallin rigarsa na biyu, zaren ya kusa tsinkewa. Ya ce, "Kina zaune jikinki na taɓa nata. Mace ta shigo daga titi ta gani. Ke kina jikinta." Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta yi siriri kamar ta wanda ya haɗiye ƙaya. Na ce, "Ban yi ƙarya ba." Ya ce, "Wa ya ce kin yi ƙarya? Da ma ƙaryar kika yi." Ya tafi.

Shekara shida tun rasuwar Baba ni ke tare da ita. Ban taɓa tsallake maganinta ko na yini ɗaya ba. Ni na gano ƙwayar da aka canza mata bara tana sa ta tari, kafin likita ya gano. Wannan duk gaskiya ne, kuma na rubuta shi ne don gaskiya ne.

Abin da ya faɗa ma gaskiya ne.

Alhamis, 11:00 na safe

Na tare malamar motsa jiki na ce ta koya min abin da maƙwabciyarmu ta gani. Ta ce ai da an kalla za a gane. Na ce ni ba na ganewa, ta faɗa min a jere kamar mai karanta lissafin kayan miya. Ta yi dariya, ta ja kujera ta zauna.

Abu uku ne. A sa mutum ya yi murmushi a duba ko gefen bakin biyu sun tashi daidai. A sa ya ɗaga hannu biyu a ga ko ɗaya yana zamewa. A sa ya yi magana a saurara. Ga Umma, tunda dama ta riga ta taɓu, hagu za a sa wa ido, da fatar ido, da yadda take haɗiya.

Sai na ga ai wannan ba kallon ido ba ne, dubawa ne. Na tsaya gaban Umma na ce, "Umma, zan duba ki, ba kallonki zan yi ba." Na fara daga goshi, layi-layi, hagu zuwa dama, na tsallake ƙwayar idon na sauka kan baki. Daƙiƙa goma sha biyar, kaina bai yi ƙara ba. Na ji iska ta fito ta hancinta sau biyu, irin wadda take yi in na ba ta dariya ba da niyya ba.

Zan riƙa yi sau biyar a yini, da duk lokacin da shirunta ya wuce minti biyu. Na rubuta a jadawali.

Juma'a, 12:30 na rana

Na sami likita shi kaɗai a ofis. Na faɗa masa lambar, ta mintocin da suka wuce ranar kafin a gane. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na tambaye shi da an kawo ta tun a minti na farko, da yanzu tana magana?

Ya ajiye wayarsa. Ya ce, "Ba zan ce miki lokaci ba shi da tasiri ba, yana da shi. Amma kun yi sama da awa a cunkoso, kun jira hoto. Ba wanda zai iya ware miki ya ce wannan ɓarnar ta mintocinki ce, wannan ta hanya ce. Ni ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, faɗa kawai yake."

Na gode masa. Na fi son wannan da a ce min in kwantar da hankali.

Asabar, 2:00 na rana

Ban je ba. Na saki labule, na zauna a ƙasa. Ban zauna a doguwar kujera ba.

Lahadi, 7:30 na yamma

Na je da safe. Umma ta nuna ruwa, ta nuna juya ni, sannan ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. Auta ta ce faɗan jiya ne. Na karɓa.

Da la'asar Kawu ya tara mu a falon Umma: shi, Yaya, Anti, Auta da ni. Na raba wa kowa takarda shafi biyu. Kawu ya nemi tabaransa ya ce, "Yau kuma taron hukuma aka kira mu?"

Na karanta musu. Gidan Yaya hawa na biyu ne, matakala ashirin da shida, ga zuwa asibiti sau uku a sati. Yara huɗu, talabijin ba ya mutuwa. Nan ƙasa ne, banɗaki taku bakwai daga gadonta. Manaja ya yarda in riƙa kawo aiki gida kwana uku. Sannan na karanta sakin layi na ƙarshe, wanda na sake rubutawa sau biyar: akwai abin da ba na gani, kuma ba zan fara gani ba don an yi min faɗa. Ina bukatar wani mai ganin fuska ya riƙa shigowa kullum.

Kawu ya ce, "'Yata, ba wanda ya ce ba kya son uwarki. Amma kin san an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutane suna kallonki a asibiti, ba hawaye, ba komai."

Na ce, "Kawu, tawa fuskar ba ta iya ba da labari ba. Ku tambaye ni da baki, zan faɗa muku."

Sai ya ce, "To yaya kike?" Na ce tun ranar ban ci abin kirki ba, kuma ina jin muryarta a kicin. Ban san me ya faru a fuskokinsu ba. Na ji Auta ta ja hanci.

Anti ta ce in ta sauke yara a makaranta za ta iya biyowa ta zauna zuwa sha ɗaya. Yaya ya ninke takardarsa gida huɗu ya sa a aljihu. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Litinin, 5:15 na yamma

Yaya ya zo maɗaba'a da kansa ya ce in zo mu ɗauko keken guragu. A mota ba wanda ke cewa a kalle shi. Shi yana kallon titi, ni ina kallon titi. Mun tsaya a danja, ban shirya ba na ji bakina ya fara.

Na ce masa ranar mun zauna bayan shayi. Ina duba shafukan da na zo da su, ina ba ta labarin sabon injin yankan takarda da aka kawo mana. Ƙarfe bakwai da minti goma ta ce, "Ke dai da injuna." Ita ce maganarta ta ƙarshe. Na ci gaba. Ba ta amsa ba, amma sau da yawa ba ta amsawa, saurare take yi. Kafaɗarta ta ƙara nauyi a kan tawa, na ɗauka jingina ta yi, har na ji daɗi. Maƙwabciya ta shigo takwas saura minti goma.

"Minti arba'in, Yaya. Ina ta zancen inji."

Aka ba mu hannu, bai tashi ba sai da na baya suka yi ta hon. Ya tsallaka ya gangara gefen titi, gaban wani mai faci, ya kashe mota.

Ya ce, "Ranar Lahadi kafin abin, da kika fita kasuwa, na zo. Ta ce kanta na sara, hannunta ya yi mata nauyi da safe amma ya saki. Na zauna gabanta. Na kalle ta sosai, ido cikin ido. Na ce, Umma gajiya ce, ki rage aiki. Ta ce kar in faɗa miki, za ki ɗaga hankalin kowa ki ja ta asibiti." Ya buga sitiyari da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. "Da na faɗa miki da kin ja ta."

Na ce, "Da na ja ta." Don gaskiya ne. Sai na ce, "Likita ya ce ba wanda zai iya warewa." Don wannan ma gaskiya ne.

Mai faci ya leƙo ya tambaya ko iska za a ƙara. Yaya ya ce a ƙara, ko da yake tayoyin lafiyarsu ƙalau. Muka zauna har ya zagaye duka huɗun.

Laraba, 4:30 na yamma

Yaya ne ya tambaye ta. Ya durƙusa gaban gado, ni ina gefe riƙe da hannun hagu. Ya ce, "Umma, gidana?" Hannun bai motsa ba. Ya ce, "Ɗakinki?" Ta matse. Ya ce ai tun kafin ta matse ya gani a idonta. Na ce to, shaidu biyu.

Alhamis, 1:00 na rana

An sallame ta. Keken ya shige ƙofa, saura faɗin yatsa biyu, kamar yadda na auna.

Asabar, 2:20 na rana

Gida ya cika. Yaya ya zo da kafinta ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, Anti da Auta suna gardama kan inda za a sa gado don rana ta riƙa taɓa ƙafafunta. Na duba Umma ƙarfe ɗaya, hagu lafiya, haɗiya lafiya. Na zauna a gefenta da kwano ina ba ta shinkafa da miya, irin wadda likita ya ce, ba mai, ba komai.

A cokali na huɗu ta rufe baki. Na miƙa mata kati, ta ture shi. Sai na ji wani sauti a maƙogwaronta, ba gurnani ba, wani abu mai gaɓa. Na ce kowa ya yi shiru. Ba su ji ba, sai da na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Guduma ta tsaya.

"Gi," in ji Umma. Ta huta. "Gi. Shi. Ri."

Auta ta fasa ihu. Anti ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. Yaya ya fito da sukurudireba a hannu yana cewa me ta ce, me ta ce. Kwana goma sha takwas ba kalma, ta farko kuma ƙorafi ne a kan girkina.

Na ce, "Na ji ki, Umma. Gishiri. Ba za ki samu ba."

Na ɗebo cokali na biyar na riƙe a bakinta. Yaya yana dariya yana share fuska da hannun riga, ya ce, "Mai Agogo, wallahi harararki take yi. Irin ta da, mai sa mutum ya nemi wurin ɓuya."

Na ce na yarda da shi. Ta buɗe baki ta karɓa.